Lissafin da ke auna ƙarfin jijiyar jini kafin ta fashe

Idan babbar jijiyar jinin da ta ratsa ciki ta kumbura, likitan tiyata yana tsaka mai wuya: ko ya yi aiki mai haɗari, ko ya jira, alhali fashewarta galibi ajali ce. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce awo. Ga namiji, in faɗin kumburin ya kai santimita 5 da rabi, sai a yi aiki. Sai dai akwai ƙanana da ke fashewa, akwai kuma manya da ke daɗewa ba su fashe ba.

Abin da ke riƙe bangon jijiyar shi ne kolajen, wani furotin mai kamar zare, wanda ya fi kowane furotin yawa a jikin ɗan Adam. Shi ne a fata, shi ne a agara, shi ne ma majema ke jemewa a fatar jar akuyar Maradi. A lanƙwashe zaren yake kwance. Da an fara ja, naman yakan miƙe cikin sauƙi, amma da zaren ya gama warwarewa sai ya turje ya yi tauri. Duk wanda ya ja fatar bayan hannunsa zai ji haka.

Shi ya sa lissafin ƙarfe, inda ninka nauyi ke ninka miƙewa, bai yi wa nama ba. A 1967, Yuan-Cheng Fung, injiniya haifaffen China da ya baro binciken jiragen sama ya koma San Diego a Amurka, ya gwada tantanin hanjin zomo, ya nuna cewa taurin nama yana ƙaruwa ne gwargwadon ƙarfin da ake jan sa. A 2000, Gerhard Holzapfel da Thomas Gasser na Graz a Ostiriya, tare da Ray Ogden na Glasgow, suka shigar da inda zaren ya fuskanta: rukuni biyu ne da suka naɗe bangon jijiya a gicciye.

Yau ana ɗaukar hoton sikana na majinyaci, a zuba wa kwamfuta, ta nuna wurin da bangon ya fi jigata. Amma hoton siffa kawai yake nunawa, ba ya nuna halin zaren mutumin. Alƙaluman taurin daga naman wasu mutane ake samo su a ɗakin gwaji, kuma a nan gizo ke saƙa. Har yanzu awon santimita ne asibitoci suka fi dogara da shi.