Labarin Shofan Makaɗin Fiyano, da Abin da Ya Shafi Waƙoƙin Narambaɗa

Wanda duk ya saba cin Kasuwar Daji, ko kasuwar Shinkafi ran Alhamis, da wuya a ce bai taɓa jin muryar Ibrahim Narambaɗa tana tashi daga wata rumfa ba, ko a akwatin rediyo ko a wayar hannu, alhali kuwa mai muryar ya fi shekara 60 da rasuwa. To, a ƙasar Turai akwai wani makaɗi wanda ya fi haka daɗewa a ƙasa, ya haura shekara 170, amma har yau ana kiɗansa ko'ina a duniya. Yadda aikinsa ya tsira daga ɓacewa akwai abin lura a ciki ga mutanen Zamfara.

Sunansa Firedirik Shofan, Turawa na rubuta shi Chopin. An haife shi a wani ƙauye kusa da birnin Warso na ƙasar Folan cikin 1810, watau shekara biyu bayan cin Alƙalawa. Ya rasu a Faris cikin 1849, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, yana da shekara 39. Abin kiɗansa fiyano, wani babban akwati mai tsirkiyoyin ƙarfe a ciki. Na zamanin nan yana da maɓalli 88, farare da baƙaƙe. In an danna ɗaya, sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya, sauti ya fita. Da yatsu goma mutum guda kan fitar da jagora da amshi gaba ɗaya.

Ya bar Warso a ƙarshen 1830. Bai daɗe da fita ba mutanen ƙasarsa suka yi wa Rasha tawaye, aka murƙushe su cikin 1831, bai kuwa sake komawa gida ba har ya mutu. Begen gida ya cika aikinsa. Ya ɗauki karin rawar manoman Folan da ake kira mazurka, ya tsara irinta fiye da 50, ya shigar da ita zaurukan attajirai da sarakunan Faris. Yana da kiɗan dare 21, masu sanyi da tausasa zuciya. Yana da na horon yatsu 27, waɗanda har yau da su ake gwada gwanintar almajirin fiyano. Akwai kuma gajeru 24 da ya ƙare a tsibirin Mayorka cikin hunturun 1838 zuwa 1839, yana fama da ciwon ƙirji. Ɗaya daga ciki mutane suka laƙaba masa suna ɗigon ruwan sama. Amma wanda ya fi duka yaɗuwa shi ne taken rakiyar gawa. An yi shi ran jana'izarsa, an kuma yi shi a jana'izar shugaban Amurka Kenedi cikin 1963.

Na'urar ɗaukar murya ba ta fito ba sai 1877, saboda haka ba wani mai rai da ya taɓa jin kiɗan hannun Shofan. Takarda ce ta riƙe shi. Turawa suna da rubutun kiɗa: layi biyar a jere, ana ɗiga alamu a kansu. Matsayin ɗigo kan nuna hawan sauti ko saukarsa, siffarsa kuma ta nuna tsawonsa, kamar yadda wasali da madda ke shiryar da mai karatun ajami. Da wannan rubutu ya ci abinci, domin duk rayuwarsa bai yi wasa gaban babban taro ba sai kamar sau 30. Koyarwa yake yi, yana kuma sayar da aikinsa ga masu ɗab'i a Faransa da Jamus da Ingila lokaci guda, don kada wani ya riga shi bugawa ya cinye ribar. Fatake sun san wannan dabara.

Da ajali ya matso, sai ya yi wasiyya a ƙone duk abin da bai kai ga bugawa ba. Danginsa ba su yi haka ba. Suka yarda wa abokinsa Juliyan Fontana ya fitar da su cikin 1855, ciki har da wanda ake kira Fantaisie-Impromptu, wanda yau yana cikin mafi soyuwa ga jama'a. Hukuncin saɓa wasiyya irin wannan malamai su suka sani, amma da an zartar da ita da an yi hasara. Har wa yau, da Jamus ta mamaye Folan, ta hana kiɗansa, ta rushe gunkin tunawa da shi a Warso cikin 1940. Takardun kuwa sun riga sun bazu cikin duniya, ba mai iya tattaro su. Gasar da aka kafa da sunansa a Warso cikin 1927 tana nan ana yi, galibi duk shekara biyar.

Sha'anin Narambaɗa ya zo a juye. Mutumin Tubali ne, a ƙasar Isa ta wancan zamani. Shi ma daga kiɗan noma ya faro, sa'an nan ya shiga fada da kotsonsa, ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Waƙarsa Bakandamiya ta shahara har sunanta ya zama abin da ake kiran fitacciyar waƙar kowane mawaƙi. Shi an sami muryarsa a faifai, ana jin sa da 'yan amshinsa kamar yana raye. Amma abin da faifai bai kama ba, sai wanda ya saura a kan tsofaffi. Haka yake ga Kassu Zurmi, makaɗin maza, da sauran makaɗan wannan yanki waɗanda ba su yi suna kamar su ba.

Lalle masana sun yi ƙoƙari. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa. Duk da haka aiki ya rage. Faifai ba ya fassara kalma. Yaron yau kan ji tsohuwar Hausar Gobir da Zamfara ya karkatar da ita, ba ya sanin wanda aka yaba, balle wanda aka yi wa zambo. Ga shi kuma rashin zaman lafiya ya tarwatsa ƙauyuka da yawa a ƙasashen Zurmi da Shinkafi, tsofaffin da suka san asalin waƙoƙin sun watse, suna ta ƙarewa.

Ba batun halaccin kiɗa ake yi a nan ba, wannan fagen malamai ne. Batun tarihi ake yi, domin cikin waƙoƙin nan akwai sunayen sarakuna da alƙalai, da garuruwa da dawaki, da kalmomin da suka fita daga bakin mutane. Waƙoƙin Nana Asma'u, wadda ta yi zamani ɗaya da Shofan, sun iso mu ne domin an rubuta su. Ajami kuwa ya fi boko a wannan aiki, tun da yana rarrabe dogon wasali da gajere, abin da karin waƙa ke dogara a kai.

Saboda haka abin da ya kamata shi ne, almajiri mai kyan hannu ya zauna da tsohon da ya san waƙa, ya rubuta ta ɗango ɗango, ya sa sunan wanda aka yi wa ita da dalilin yin ta, ya bayyana kalmomi masu wuya a gefe kamar yadda ake yi wa littafi sharhi. Attajiran Ƙaura da Shinkafi kuma su ɗauki nauyin takarda da ɗab'i, a yi kofe da yawa, a rarraba garuruwa, kada a tara wuri guda. Allah ya ba da iko, ya kawo wa ƙasar zaman lafiya. Wassalam.