Ciwon Suga da Shagalin Sallah

Suga kan hau a jinin mai ciwon suga lokacin Sallah, domin yawancin abin da ake tarbar baƙo da shi fulawa ne, ko shinkafa, ko kayan zaƙi: cincin, dubulan, alkaki, nakiya da waina. Lemon kwalba ya fi su illa. Kwalba ɗaya mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali 9, kuma ba ta ƙosarwa. Ruwa ko zoɓo marar sukari ya fi.

Wahalar tana wajen ziyara, inda kunya ke hana mutum ƙin abin da aka ajiye masa. Ɗanɗanawa ta isa.

Naman layya ba ya ɗaga suga nan take, amma kitse da gishirin suya suna takura zuciya, su ƙara hawan jini.

Suga kan kuma faɗi, musamman ga mai allurar insulin da ya tafi Idi bai karya ba. Alamomin faɗuwarsa su ne rawar jiki, zufa da jiri. Idan awon suga ya nuna ƙasa da 70 mg/dL, sai ya sha sukari ƙaramin cokali 3 a ruwa, ya sake awo bayan minti 15.