Me Ya Sa Ranar Turai Ba Ta Wadatar da Jikinmu? Bayani Kan Bitamin D

Akwai wata tambaya da ke yawan tasowa a tsakaninmu, musamman mu da ke zaune a Ingila, Kanada da arewacin Amurka: me ya sa likitoci ke matsa mana da shan ƙwayar bitamin D, alhali kuwa iyayenmu a gida ko sunanta ba su taɓa ji ba? Ni dai ba likita ba ne, injiniya ne, amma amsar tambayar tana cikin irin lissafin da muke yi kafin mu kafa farantin sola a kan rufi, wato lissafin tsayuwar rana a sama.

Da farko, bitamin D shi ne ke taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam daga abinci, kalsiyam kuwa shi ke gina ƙashi da haƙori. Mafi yawan bitamin ɗin fatarmu ce ke ƙera shi, idan wani kaso na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVB, ya sauka a kanta. Daga nan sai hanta da ƙoda su sarrafa shi yadda jiki zai amfana.

To, ga inda gizo ke saƙar. Wannan haske ba ya iso ƙasa da yawa sai rana ta yi sama sosai. Idan ta karkata, haskenta yakan ratsa iska mai nisa, sai iskar ta shanye kusan dukkansa a hanya. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Landan kuwa tana wajen digiri 51 da rabi. A ƙarshen Disamba, da tsakar rana, ranar Kano takan tashi kusan digiri 55 daga doron ƙasa, ta Landan kuwa ba ta wuce digiri 15. Kowa na iya gwadawa da inuwarsa: a Kano inuwar mutum ba ta kai tsawonsa ba a wannan lokaci, a Landan kuwa ta kusa ninka tsawonsa sau huɗu. Duk lokacin da inuwarka ta fi ka tsawo, to kaɗan ne fatarka ke samu. Shi ya sa hukumar lafiya ta NHS ke cewa daga Oktoba zuwa farkon Maris ranar Birtaniya ba ta isa ta samar wa mutum bitamin D ba.

Abu na biyu ya shafe mu kai tsaye. Sinadarin melanin da ya ba fatarmu launinta garkuwa ne daga zafin rana, domin yana tare wannan haske. A gida ni'ima ce, amma a nan yana nufin muna buƙatar lokaci a rana fiye da farar fata kafin mu samu abin da suka samu. Sannan tufafi na tare hasken, haka ma gilashin taga da na mota. Saboda haka zama a falo ana shan hantsi ta taga ɗumi kawai yake bayarwa. Wannan ne ma ya sa ake samun ƙarancin bitamin D sosai har a Saudiyya mai tsananin rana, domin mutane na wuni cikin ɗaki da mota. Kada 'yan uwanmu na Makka da Jidda su ɗauka abin bai shafe su ba.

Ƙarancinsa a jikin yaro yana sa ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, girma ya yi jinkiri. A jikin babba kuwa yakan kawo ciwon ƙashi da raunin tsoka, wanda sau da yawa mukan ɗora wa sanyi ko gajiyar aiki.

Abinci na taimakawa, kamar kifi mai maiƙo irin su sadin, titus da salmon, da gwaiduwar ƙwai da jan nama, amma da wuya shi kaɗai ya wadatar. A Amurka ana ƙara bitamin D a yawancin madarar kanti, a Birtaniya kuwa galibi ba a ƙarawa, don haka a riƙa duba jikin kwali.

A shekarar 2016 hukumomin lafiya na Birtaniya suka fitar da shawarar da ake bi har yau: kowa ya yi tunanin shan maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, wato IU 400 kamar yadda wasu kwalabe ke rubutawa. Masu baƙar fata da masu rufe yawancin jikinsu an ba su shawarar sha duk shekara. Yara masu shekara 1 zuwa 4 su ma maikirogiram 10 ne duk shekara. Jariri mai shan nono ana ɗiga masa 8.5 zuwa 10, amma wanda ke shan madarar gwangwani fiye da mililita 500 a rana ba ya buƙata, domin an riga an zuba a ciki.

Sai dai kome ya yi yawa ɓaci yake. Kada babba ya wuce maikirogiram 100 a rana sai da umarnin likita, domin yawansa na tara kalsiyam a jini har ya cutar da ƙoda. Wanda ke da ciwon ƙoda ko yake shan wasu magunguna ya fara tuntuɓar likitansa. Mai fama da ciwon jiki da ya ƙi tafiya kuwa ya nemi a yi masa gwajin jini.

Ina roƙon iyaye su duba maganar jarirai da mata masu juna biyu da idon basira kafin hunturu ya shigo. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.