Zanen Da Ba Ya Kama Da Komai, Da Yadda A Ke Adana Shi

A yawancin gidajenmu akwai tsohuwar kalanda a bangon falo wadda aka ƙi cirewa saboda kyaun hotonta. Mai karatu ya je ya dube ta. In ta yi shekara uku ko huɗu kusa da taga, zai tarar ja da rawaya sun gudu, sai shuɗi-shuɗi ya rage. Duk da haka in hoton saniya ne, har yanzu saniya ce, ko yaro zai gane ta. Amma akwai wani irin zane wanda babu saniya a cikinsa, babu mutum, babu itace, sai launi da layi kaɗai. In launin irin wannan ya koɗe, me ya rage?

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fara irin zanen nan shi ne Wasili Kandinski, mutumin Rasha, wanda aka haifa a Mosko a 1866. Shari'a ya karanta. Wata rana ya je kallon zane-zanen Faransawa, ya tsaya gaban aikin wani mai suna Mone, ya kasa gane abin da aka zana. Sai da ya duba takardar bayani ya ga ashe tarin ciyawa ne a gona. Abin ya dame shi, amma launin ya ƙi fita daga ransa. A 1896, yana da shekara 30, ya bar aikin shari'a ya tafi birnin Munik a Jamus domin koyon zane.

Abu biyu suka bi da shi. Na fari ƙasar Murnau ce, wani ƙaramin gari a gindin duwatsun kudancin Jamus, inda ya fara zama yana zane a 1908. Wanda ya jera zanensa na shekarun nan zai ga tudu da itatuwa suna narkewa a hankali, har su zama gurbin kore da shuɗi. Na biyu kiɗa ne. Shi a wurinsa kowane launi yana da murya: rawaya kamar ƙarar begila, shuɗi mai haske kamar sarewa, shuɗi mai duhu kamar babban gogen Turawa. A Janairu 1911 ya je jin kiɗan Anol Shonbag a Munik, ya koma gida ya zana abin da ya ji. Baƙin dunƙule a sama shi ne fiyano, sai rawaya ta malalo ta kusa rufe masu sauraro. Mu da mu ke jin kalangu mu gane abin da ya ke faɗa ba tare da an buɗe baki ba, bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba.

Manyan zane-zanensa guda 10 ne, ya kira su da kalmar da makaɗan Turai ke kiran kiɗan da aka tsara, ya sa musu lamba. To, a 1937 gwamnatin Hitila ta ce irin wannan zane lalataccen aiki ne, ta kwashe ayyukansa daga gidajen adana na Jamus. Na 1 da na 2 da na 3 sun hallaka a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da ya rage na kamanninsu shi ne hotuna baƙi da fari waɗanda abokiyar aikinsa Gabriyele Munta ta ɗauka, da ɗan zanen gwaji, kamar na 2 da ke Niyu Yok. Hoto baƙi da fari na aikin mutumin da ya ce launi murya ne! Kamar a ba ka hoton makaɗi a ce ka ji kiɗa ke nan.

Wannan matar ta yi wani abin kuma. Ta ɓoye ayyukansa masu yawa a ɗakin ƙasa na gidanta a Murnau har yaƙi ya wuce. A 1957, da ta cika shekara 80, ta ba birnin Munik ayyuka fiye da 1,000 nasa da na abokansu. Zanen fiyano da rawaya yana can.

Kaɗan ne cikinmu za su taka Munik ko Mosko, saboda haka kwafi ne rabonmu, kuma kwafi iri-iri ne. Injin buga kalanda launi 4 ya ke haɗawa. Injin kwafin ajiya kuwa fesa tawada ya ke yi ɗigo-ɗigo, sau da yawa da launi 8 zuwa 12, bayan an ɗauki hoton ainihin zanen an gwada launinsa da kyau. Tawadar ma dabam ce. Akwai ta rini, wadda ke narkewa kamar sukari a ruwa, rana kuwa ta kan ci ta da sauri. Akwai ta garin launi, mai ƙananan ƙwayoyi da ba su narkewa, ita ce mai jimrewa. Sai takarda. Ta jarida daga itace a ke yinta, akwai wani sinadari a ciki da ke sa ta zama ruwan ƙasa ta yi ta karyewa. Ta ajiya ta auduga ce, ba asid a cikinta. Tun 1991 masu sana'ar a Amurka suka laƙaba wa irin bugun nan sunan giclée. Sunan kaɗai dai ba shaida ba ne, gama kowa na iya rubuta shi a kan kayansa. Mai saye ya tambaya wace tawada ce, wace takarda ce.

Kada kuma a zaci kwafi ya kai asali. Zanensa na 7, wanda ya yi a 1913, yana Mosko, faɗinsa mita 3, tsayinsa mita 2. Wanda za mu rataya a aji ko a falo da ƙyar zai wuce faifai biyu, kaurin fenti kuma ba ya fitowa a takarda. Launin ne kawai za a iya kawo mana daidai, shi ne kuwa abin da za mu tsare.

A ƙasarmu maƙiyansa huɗu ne: rana, laimar damina, hayaƙin murhu da gara. A rataye shi a bangon da hasken taga ba ya bugu kai tsaye, nesa da madafa. A sa shi cikin firam mai gilashi, da ɗan kwali a gefe domin kada takardar ta manne da gilashin. A liƙe bayan firam ɗin saboda ƙurar hunturu, amma kada salatif ya taɓa takardar. In bangon yana tsatsafo da ruwa a watan Agusta, a sauke zanen a canza masa wuri har kaka ta shigo.