Kujerar da Faransa Ta Riƙe Tun 1997

Tun shekarar 1997 duk wanda ya shugabanci sashen kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya Bafaranshe ne. Bernard Miyet ya fara, Jean-Marie Guéhenno ya gaje shi a 2000, sannan Alain Le Roy a 2008, Hervé Ladsous a 2011, sai Jean-Pierre Lacroix daga 2017. Babu dokar Majalisar da ta keɓe wa Faransa wannan kujera. Al'ada ce da aka ƙulla a ɗakunan shawara, kuma asalinta na komawa ƙarshen 1996, lokacin da Amurka ta hau kujerar na ƙi ta hana Boutros Boutros-Ghali wa'adi na biyu. Faransa ta goyi bayan Amara Essy na Kwaddebuwa, ta yi ta toshe wa Kofi Annan hanya har tsakiyar Disamba kafin ta janye. Da Annan ya zama Babban Sakatare, kujerar da ya tashi daga kanta, wato ta kiyaye zaman lafiya, sai ta faɗa hannun Miyet. A ganina wannan tsari ya kawo wa Majalisar ƙwararrun mutane da goyon bayan babbar ƙasa, amma ya ci mata abin da ya fi su tsada, wato yardar mutanen da ake aika dakarun domin su.

Rayuwar aikin Guéhenno ce ta fi nuna ribar tsarin. An haife shi a 1949, ɗa ne ga marubuci Jean Guéhenno, ya yi karatu a manyan makarantun da ke horar da jami'an gwamnatin Faransa, ya shugabanci sashen nazari da tsare-tsare na ma'aikatar harkokin waje daga 1989 zuwa 1993. Ya isa New York aikin yana cikin kunya. Tabon Ruwanda na 1994 da na Srebrenica na 1995 bai goge ba, kuma a watan Mayun 2000 'yan tawayen Saliyo sun yi garkuwa da sojojin Majalisar kusan 500. A watan Agustan shekarar aka fitar da rahoton kwamitin Lakhdar Brahimi, wanda ya nemi a daina tura dakaru da umarnin da ba su da ƙarfin cikawa, kuma ma'aikatan Majalisar su riƙa faɗa wa Kwamitin Sulhu gaskiya ko da ba ta yi daɗi ba. Aiwatar da wannan rahoto shi ne aikin Guéhenno na shekara takwas. A zamaninsa aka buɗe ayyuka a Laberiya a 2003, Kwaddebuwa da Haiti a 2004, Sudan a 2005, aka faɗaɗa na Lebanon a 2006, har yawan masu kaki ya ninka fiye da sau biyu, ya kai kusan dubu 90. Kuma zamansa Bafaranshe ya yi rana a garin Bunia na Kwango a 2003, lokacin da kisan ƙabilanci ya fi ƙarfin 'yan tsirarun sojojin Majalisar da ke garin: Faransa ce ta jagoranci rundunar Turai ta Artemis da ta riƙe wurin har aka kawo ƙarin dakaru.

Sai dai wannan bunƙasa ta tabbatar da wani rabon aiki mara adalci. Manyan ƙasashe ke rubuta ƙuduri su biya kuɗi, ƙasashen Asiya da Afirka irin su Bangladesh, Pakistan, Indiya, Najeriya da Ghana ke ba da 'ya'yansu. Darfur ta tona asirin wannan rabo. Ƙuduri mai lamba 1769 na 2007 ya amince da rundunar haɗin gwiwa ta Majalisar da Tarayyar Afirka mai kusan mutum dubu 26 a ƙarƙashin Janar Martin Luther Agwai, amma jirage masu saukar ungulu 24 da aka nema babu ƙasar da ta bayar a lokacin. A watan Satumbar shekarar aka kai wa sansanin Tarayyar Afirka hari a Haskanita, akasarin waɗanda suka mutu sojojin Najeriya ne. Guéhenno ya gargaɗi Kwamitin Sulhu a fili cewa runduna irin wannan na iya gazawa ta jawo wa Majalisar wulaƙanci. Ya faɗi gaskiya, an kuma ci gaba da aikin ba tare da kayan ba.

Babbar illar ta fito ne inda aikin Majalisar ya haɗu da tsoffin yankunan mulkin mallakar Faransa. Faransa ce ta riƙa tsara daftarin ƙudurorin Kwamitin Sulhu kan Mali da Afirka ta Tsakiya, ɗanta ne ke shugabantar sashen da zai aiwatar, kuma sau da yawa sojojinta na can a filin da tutarsu daban. A Kwaddebuwa rundunar Licorne ta Faransa ta zauna kafaɗa da kafaɗa da ta Majalisar, har a Afrilun 2011 jiragensu suka yi luguden wuta tare a kan makaman Shugaba Laurent Gbagbo a Abidjan. Ƙuduri mai lamba 1975 ya ba da izinin hakan domin kare fararen hula, amma magoya bayan Gbagbo sun ɗauke shi juyin mulki da tambarin Majalisa. A Mali rundunar Majalisar ta MINUSMA ta zo a 2013 a bayan rundunar Faransa ta Serval, ta zauna tare da Barkhane da ta gaje ta. Ta yi asarar mutum fiye da 300, ciki har da sojojin Chadi masu yawa da sojojin Nijar tara da aka kashe rana guda a Oktoban 2014. Duk da wannan jini, da dangantakar Bamako da Paris ta lalace, aka sa MINUSMA a kwando ɗaya da Faransa. Barkhane ta fita a 2022, gwamnatin soja ta nemi Majalisar ta bi sahu a Yunin 2023, kafin ƙarshen shekarar an naɗe tabarma.

Masu kare tsarin suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne. Suna cewa sashe na 100 na kundin Majalisar ya hana ma'aikaci karɓar umarni daga gwamnatinsa, kuma Guéhenno ya nuna a aikace cewa yana iya ja da manyan ƙasashe. Suna ƙara da cewa Faransa ba ita kaɗai ba ce: tun 2007 Amurkawa ke riƙe da sashen siyasa, 'yan Birtaniya da na agajin gaggawa, 'yan China da na tattalin arziki. Haka ne, amma amincin mutum ɗaya ba ya wanke tsari, domin ɗan Gao ko ɗan Bangui ba shi da hanyar sanin abin da ke zuciyar jami'in da ke New York, abin da yake gani a titi shi yake yi wa hukunci. Yawan masu rabon kujeru kuwa ƙara tabbatar da matsalar ya yi. Bambancin wannan kujera shi ne ita ce ke aika mutane da bindigogi cikin ƙasar wasu, kuma aikin ba ya tsayuwa sai da amincewar masu ƙasa.

Akwai kuma masu cewa gazawar daga Kwamitin Sulhu take, wanda ke ba da umarni ya hana kayan aiki, don haka ko wa aka naɗa sakamakon ɗaya ne. Na yarda cewa Ba'indiye ko ɗan Ghana a kujerar ba zai samo jiragen Darfur ba. Amma ba zai shiga Bamako da zargin da Ladsous ya shiga da shi ba, mutumin da ya wakilci Faransa a Majalisar lokacin kisan Ruwanda. Ƙuduri na 2719 na Disamban 2023, wanda ya buɗe ƙofar biyan har kashi 75 cikin 100 na kuɗin rundunonin da Tarayyar Afirka ke jagoranta, ya nuna Kwamitin ya fara gane cewa wanda ke jagorancin runduna na shafar yadda ake karɓarta. Ya kamata wannan fahimta ta kai ga kujerar New York, a buɗe ta ga ƙasashen da suka fi ba da sojoji a naɗi na gaba.