Gawayi da Takarda a Kakuri

Yau batun zane za mu taɓa. Ni abin da ya sa nake son zane, yana fitar da abin da baki ya kasa faɗa.

Ku duba Kakuri. Masaƙar KTL ta rufe a 2002, iyaye da yawa suka zauna ba aiki, kuma ba a cika tayar da maganar a gida ba. To, ba matashin da ya taso a irin gidan nan gawayi da takarda, ka ga yadda zai danne hannu in yana zana ƙofar masaƙa a garƙame. Dannewar nan, a ganina, fushi ne da ya daɗe a ciki.

Don haka in ƙaninka ya nuna maka zanensa, kar ka tsaya a "kai, ya yi kyau". Tambaye shi wa ya zana, me ya sa ya bar fuskar ba baki.