Kafin Ka Miƙa Fasfonka Ga Dillali

Mutumin Gure ba baƙon tafiya ba ne. Babbar hanyar Damagaram zuwa Difa ta ratsa garin, kasuwannin Nguru da Gashuwa kuma suna nan kudu, ana kai bisashe ana dawowa da kaya. Irin wannan zirga-zirga ba ta neman biza, domin yarjejeniyar CEDEAO ta 1979 ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasashen ƙungiyar ya zauna har kwana 90. Ko da Nijar, Mali da Burkina Faso suka fice ranar 29 ga Janairun 2025, ƙungiyar ta ce a ci gaba da mutunta wannan dama har sai ta sake ba da sanarwa. Wannan sabon ne ke sa wasu su ɗauka cewa da fasfo ya shiga hannu, magana ta ƙare.

Ba haka abin yake ba idan tafiyar ta yi nisa. Biza izini ce ta yin abu guda cikin ƙayyadadden lokaci, kuma abin da aka rubuta a jikinta shi hukuma ke dubawa, ba abin da dillali ya faɗa maka a zaure ba.

Inda mutanenmu suka fi shan wahala shi ne Saudiyya. Akwai bizar Hajji, akwai ta Umra, akwai ta ziyara, akwai ta aiki, kowace da iyakarta. Mai bizar Umra ba shi da izinin yin Hajji, ba shi da izinin kama aiki. Amma sai ka ji ana ce wa mutum: "Alhaji, ka shiga da ta Umra cikin azumi, ka laɓe har Arfa, ya fi araha." Wanda ya bi wannan shawara ba shi da tanti a Mina, ba shi da motar alhazai, gudun ƴan sanda yake yi cikin rana. A Hajjin 2024 mutum fiye da 1,300 suka rasu, galibi saboda tsananin zafi, kuma hukumomin Saudiyya sun ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji. A 2025 aka sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga mai yin Hajji ba izini, ga kora, ga hana shiga ƙasar har shekara 10. Kujerar Hajji ta gaskiya tana biyowa ne ta hannun kamfanonin da hukumar alhazai ta COHO ta amince da su.

Mata kuwa da aikatau ake yaudararsu. A ce wa Hajiya an samo mata gidan aiki a Jidda, a karɓi kuɗin da ta sayar da shanu ta tara, ashe bizar ziyara ce. Bizar aiki tana zuwa da sunan wanda ya ɗauke ki da takardar kwangila, a can kuma a yi miki igama, wato takardar izinin zama. In babu waɗannan, ranar da wa'adi ya cika kin zama takari: albashi sai yadda uwar gida ta ga dama, kuma ba ki da bakin kai ƙara.

Turai nata tsarin daban. Bizar Shengen ta gajeren zama kwana 90 ce cikin kowane kwana 180, ba ta aiki ba ce. Kuɗinta yuro 90 tun Yunin 2024, wajen jika 59 ke nan, kuma in an hana ka ba a mayarwa. Mai son dogon karatu ko aiki, ta dogon zama zai nema, da takardar makarantar ko ta kamfanin. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai ma an rufe shi tun Janairun 2024, don haka wanda ya ce yana da "hanya" a ciki, a yi kaffa-kaffa da shi. Akwai kuma bizar jinya da ta yada zango, ga mai sauya jirgi a wata ƙasa.

Idan takardar ta fito, kada ka ninke ta ka sa a aljihu. Kai ta ga mai karanta Larabci ko Faransanci da ka yarda da shi, ba yaron dillalin ba. Ya duba sunanka harafi-harafi, lambar fasfo, irin bizar, da sau nawa aka yarda ka shiga. Ya bambance maka abu biyu da ke rikita jama'a: tsawon rayuwar bizar, da kwanakin da aka ba ka ka zauna. Biza na iya zama ta shekara guda alhali zaman bai wuce kwana 90 ba. Kowane kuɗi ka biya, karɓi rasit mai hatimin kamfani, ka bar hoton fasfo da na bizar a hannun wani na gida kafin motar Damagaram ta tashi.